Yadda Ake Shirya Laccar Farko Kan Raspberry Pi da Ire-irenta

Akwai wata irin kwamfuta da girmanta bai wuce katin ATM ba. An harhaɗa ƙwaƙwalwarta da duk ramukan jona wayoyi a kan falle guda, ba murfi, ba akwati. Wadda ta fi suna ita ce Raspberry Pi, da wata gidauniya a Kambirij ta ƙasar Ingila ta fitar a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35. Eben Upton da abokan aikinsa sun ƙirƙiro ta ne don yaro ya samu na'urar da zai tona, ya gwada, ya kwance, ba tare da fargabar lalata kwamfutar gidansu ba. In kulob ɗinku na makaranta ko ƙungiyarku ta matasa za ta gayyato baƙo ya gabatar da ita, ku riƙe wannan asali. Taron da aka tashi ba wanda ya taɓa na'urar da hannunsa, a wajena ba a yi komai ba.

1. Ku san waɗanda za su zo

'Yan sakandare daban, ɗaliban injiniya daban, masu gyaran waya daban. Ku tsayar da rukuni ɗaya, ku ƙayyade adadi. Mutum ashirin zuwa talatin sun isa. In suka haura haka, na baya kallon ƙeyar na gaba kawai za su yi.

2. Zaɓen baƙo

A nan ake yawan tafka kuskure, domin mun saba neman mai dogon muƙami. Ku nemi wanda ya taɓa haɗa wani abu da na'urar, ko da ƙararrawar ƙofa ce. Kafin ku aika takardar gayyata, ku ce ya nuna muku abin da ya haɗa, ku kuma tambaye shi me ya taɓa ƙonewa a hannunsa. Wanda ya amsa da labari, shi ne naku. Sannan ku ji ko zai iya bayani da Hausa in buƙata ta taso, domin yaron da bai gane Turancin ba ba zai ɗaga hannu ya faɗa ba.

Ku tuntuɓe shi da mako uku ko huɗu kafin taro. Maganar kuɗin mota da masauki a gama ta tun ranar farko, baki da baki, kada a bar baƙo da jin nauyin tambaya.

3. Ku zauna da shi kan abin da zai faɗa

Masani yakan so ya juye duk abin da ya sani a zama ɗaya. Aikinku ne ku rage masa kaya cikin ladabi. Abu uku sun wadatar. Na farko, mece ce na'urar kuma daga ina ta fito. Na biyu, bambancinta da Arduino, don kullum sai an tambaya. Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce mai aiki da manhajar Linux, ana jona mata talabijin da kibod a yi rubutu a shiga intanet. Arduino, da aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, da Raspberry Pi Pico ta 2021, su aiki ɗaya ake loda musu su yi ta maimaitawa. Na uku, gwaji guda ɗaya a gaban jama'a.

Gwajin da na fi so shi ne kunna ɗan ƙwan LED. A gefen fallen akwai ƙusoshi 40. A jona doguwar ƙafar ƙwan da ƙusa ta 11 ta hanyar resista mai om 330, gajeriyar kuma da ƙusa ta 6, a rubuta 'yan layuka na Python, ƙwan ya riƙa kamawa yana mutuwa. Ƙaramin abu ne, amma na ga fuskar yarinyar da ta canza lamba ɗaya a rubutun, ƙiftawar ta ƙara sauri. Daga nan ba ta sake sakin kibod ɗin ba.

Ku raba lokaci: minti 25 na jawabi, 15 na gwaji, 40 na taɓawa, sauran na tambayoyi. Awa ɗaya da rabi ke nan, a tsakanin azahar da la'asar ko da hantsin Asabar.

4. Kayan aiki

Ku ba wannan mataki mafi yawan lokacinku, don nan ne taro yake tsayawa cak.

Fara da majigi. Ku je ɗakin da kanku ku duba bayansa. Tsofaffin majigai ramin VGA kaɗai gare su, Raspberry Pi kuwa HDMI take fitarwa, sai da na'urar juyawa a tsakani. HDMI ɗin ma iri-iri ne: Pi 3 babban rami gare ta, Pi Zero matsakaici, Pi 4 da Pi 5 kuma ɗan ƙanƙane. Ku tambayi baƙo wace zai zo da ita, ku tanadi wayar da ta dace. Na taɓa zama a wani taro inda aka ɓata minti arba'in ana jiran ɗan aike ya dawo daga kasuwa da waya ɗaya tak.

Sai caja. Ba kowace cajar waya ce za ta ɗauke ta ba. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3 ta USB-C, Pi 5 kuma tana neman har amfiya 5 kafin ta saki jiki. In caja ta gaza, gargaɗin ƙarancin wuta zai fito a kusurwar allo, na'urar ta yi nauyi, ko linzamin kwamfuta ya riƙa ɗaukewa.

Ɗauke wuta ya fi kowanne haɗari. Manhajar Pi a kan memori take zaune, irin ɗan katin da ake sa wa waya, kuma in wuta ta yanke tana tsakar rubutu katin na iya rikicewa ya ƙi tashi. Saboda haka ku ɗora ta a kan fawa banki mai ƙarfi ko inbata, janareto ya ji da majigi da fanka. Ku kuma loda memori biyu iri ɗaya da manhajar Raspberry Pi Imager, ɗaya a ciki, ɗaya a aljihun baƙo. Katin ya zama na ƙwarai, gigabait 16 ko 32.

Yanayi ma yana da nasa. A zafin Maris da Afrilu, in ƙwaƙwalwar ta kai wajen maki 80 na zafi sai ta rage gudu da kanta don kare kai, don haka a sa mata 'yar fankarta. A lokacin hunturu kuma busasshiyar iska tana tara wutar nan da ke tartsatsi a jikin tufafi, sai a koya wa kowa riƙe fallen ta gefe-gefe.

5. Gwajin jajibere

Kwana ɗaya kafin taro, ku haɗa komai a ainihin ɗakin, ku bi gwajin daga farko har ƙarshe da intanet a kashe. Duk abin da sai an sauke, a sauke shi yau. Wani ya zauna a kujerar ƙarshe ya faɗa ko yana iya karanta rubutun da ke allo. Galibi sai an ƙara girmansa.

6. Ranar taro

Gabatar da baƙo kada ya wuce minti biyu: sunansa, abin da ya haɗa, dalilin gayyatarsa. In akwai manyan baƙi, a karrama su a taƙaice, a kuma sanar da su tun da wuri cewa ba a ware lokacin jawabai ba.

Tun baƙo yana magana, a zagaya da falle ɗaya a kashe hannu zuwa hannu. Lokacin taɓawa kuma a kasa mutane biyar-biyar, kowane teburi da mataimaki. Doka ɗaya za a nanata: ƙusoshin bolt 3.3 suke ɗauka, wanda ya kuskure ya ba su 5 zai iya kashe na'urar, don haka ba a jona waya sai a kashe, kuma sai mataimaki ya duba. Ku sa ido kada masu ƙarfin hali su mamaye kibod. 'Yan mata su samu teburinsu ko rabonsu na lokaci a ƙayyade, in ba haka ba a tsaye za su gama taron.

Tambayar farashi za ta zo. Baƙo ya bincika kuɗin makon ya faɗi gaskiya, har da memori da caja da waya, don dala 35 ɗin nan kuɗin fallen ne tsurarsa a can waje a 2012, ban da dako.

7. Kafin a watse

Ku ƙirga kaya, ku sallami baƙo da abin da aka yi alkawari, washegari a kira a yi masa godiya. Ku tabbatar aƙalla falle ɗaya ya zauna a hannun kulob, a rubuta sunan mai ajiya, a buɗe littafin aro. Sannan a sanar da ranar zama na gaba tun mutane ba su kai bakin ƙofa ba, kada ya wuce mako biyu, kuma a ba wa kowane teburi aikin da zai zo da shi: wannan fitilun danja masu launi uku, wancan maɓallin da zai kunna ƙararrawa.