Idan fayil ya fi ƙarfin imel

Duk ƙarshen zangon karatu, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda ke kan hanyar Zariya ba nisa da Kwatarkwashi, sukan sha fama da abu guda. Kundin bincike ya kammala, cike da hotuna da taswirori, malami ya ce a turo ta imel, imel kuma ya ƙi ɗauka. Ba wayarka ce ta lalace ba. Gmail ba ya ɗaukar fiye da megabait 25 a saƙo guda, kuma a hanya fayil yakan ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Idan akwatin wanda ka tura wa ƙarami ne, sai saƙon ya dawo maka.

Duk da haka, takardar da za ta je hannun malami ko ofis, imel ne gidanta, domin yana ajiye rana da lokaci, ko gobe aka yi gardama kana da shaida. Don haka ka fara rage mata nauyi. Ka mayar da ita PDF, ka rage girman hotunan ciki, domin galibi su ne kayan nauyin.

Idan har yanzu ta ƙi, ka ɗora ta a Google Drive, inda kowane mai Gmail ke da gigabait 15 kyauta, sannan ka tura liƙau a cikin imel ɗin. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: sai su bar fayil ɗin a kulle, malami ya latsa, a ce masa sai ya nemi izini. Malamin da ke da ɗalibai da yawa a wuyansa ba zai tsaya jiranka ba. Kafin ka tura, ka buɗe wa adireshinsa izini, ka kuma gwada liƙau ɗin a wayar abokinka.

WhatsApp kuwa tun 2022 yana ɗaukar fayil har gigabait 2. Amma sakamakon jarrabawa ko takardar shaidar ɗan ƙasa, kada ka tura su a matsayin hoto, domin yakan matse su har rubutu ya dushe. Ka shiga wajen tura takardu ka zaɓo su daga can.

Ka tuna da aljihun mai karɓa. Bidiyon biki mai gigabait guda, kai ka ƙona data wajen ɗorawa, yayarka a Tsafe ita ma sai ta ƙona wajen saukewa, wataƙila ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Idan za ku haɗu ranar kasuwa, manhajar Xender ko katin memori ya fi muku, ba ko kwabo. Mutanen Zamfara sun san amfanin wannan tun Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar, aka koma kai saƙo hannu da hannu.

Sai dai a yi hattara da kwamfutocin shago. Filashin da ya zaga shaguna yakan kwaso ƙwayar da ke ɓoye fayiloli, don haka ka bar kwafi a wayarka kafin ka miƙa shi. Idan ka buɗe imel ɗinka a can, kada ka tashi sai ka fita daga ciki, ka kuma goge takardunka, musamman masu ɗauke da lambar NIN ko BVN.