Yadda Za Ki Mayar da Rawa Motsa Jiki a Cikin Ɗakinki

Likita ya ce ki riƙa motsa jiki. To, a ina? Titin unguwa babura da adaidaita sun cika shi, gidan motsa jiki na kuɗi sai wane da wane, kuma ba kowane maigida ne zai yarda uwargida ta fita sassarfa da asuba ba. Ga rana kuma: a watan Afrilu zafin Kano, Sakkwato ko Damagaram yakan haura digiri 40. Shi ya sa nake ba mata shawarar rawa. Ba ta cin ko kwabo, ba sai an fita ba, kuma wadda ta yi gaɗa a dandali tana yarinya ko ta taka kiɗan ƙwarya a gidan suna ba sai an koya mata daga tushe ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Rawa tana cikin lissafin matuƙar ta sa ki haki.

Kafin komai, ki je a auna miki jini. Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum bai sani ba. Idan ya hau sosai, ko kina da ciwon zuciya, ko an yi miki tiyatar haihuwa kwanan nan, sai likita ya ba ki izini. Mai juna biyu da ba ta da matsala za ta iya rangaji a hankali, ban da tsalle. Mai sikila ta sha ruwa sosai, kada ta yi a cikin zafi, kada kuma ta kai kanta ga galabaita. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ta ajiye dabino kusa saboda suga na iya faɗuwa, kuma kada ta yi rawa ba takalmi, don ƙaramin rauni a ƙafarta yakan ƙi warkewa.

Sai wuri. Taku biyu gaba, biyu baya, biyu kowane gefe, ya wadatar. Ki naɗe darduma da tabarma saboda santsi, ki buɗe taga. In tayil ne ko siminti, ki sa kambas don ya rage wa gwiwa nauyi. Wando mai sakewa ya fi zani, rigar mama kuma ta kama sosai.

Kiɗa kuwa, ki haɗa waƙoƙi a wayarki tun kafin ki fara: mai sanyi a farko, masu zafi a tsakiya, mai sanyi a ƙarshe. Amada irin ta marigayiya Barmani Choge tana da daɗin farawa, domin bugun ƙwarya a daidaice yake tafiya, ƙafa ba ta ruɗewa. Kalangu ya fi sauri. Wadda ba ta sauraren kiɗa saboda dalilin addini, ba a bar ta a baya ba: tafi da ƙirga ɗaya zuwa takwas sun isa su riƙe mata taku.

Minti biyar na farko na ɗumama jiki ne. Ki yi taku a wuri ɗaya, ki juya kafaɗu, ƙugu da idon sawu. Kada ki tsallake wannan, gaggawa kan jawo targaɗe.

Yanzu rawar kanta. Kuskuren da mata suka fi yi shi ne rawar amarya: a tsaya cak ana kaɗa kafaɗa da yatsu. Tana da kyau a gaban 'yan biki, amma ba za ta sa zuciya aiki ba. Aikin yana ƙafa. Tsokokin cinya da na mazaunai su ne mafi girma a jiki, kuma idan suna motsi sukan zuƙi suga daga cikin jini, su tilasta wa zuciya ta ƙara harbawa. Saboda haka ki fara da taku biyu dama, biyu hagu, gwiwa a ɗan lanƙwashe. In kin kama wannan, ki ƙara gaba da baya. Daga nan ki ɗaga gwiwa zuwa tsayin ƙugu, ɗaya bayan ɗaya. Sai ki sa hannu: da zarar hannaye sun haura kafaɗa za ki ji numfashi ya canza. Ki ɗan duƙa kamar za ki zauna a kujera, ki miƙe, sau takwas, ki koma taku. In za ki juya, ki ɗaga ƙafa ki juya da ita. Murza ƙafa a ƙasa shi ke ɓata gwiwa. Takun 'yan Koroso na Kano yana da kyau a kwaikwaya, amma alkafurar a bar wa masu ita.

Ta yaya za ki san kin kai? Ki gwada magana. In kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, kin yi daidai. In kina bin waƙar ba haki, ki ƙara wuta. In kalma biyu ta gagare ki, ki sassauta. Wanda ya ɗore a kan irin wannan, hawan jininsa yakan sauko da maki 5 zuwa 8, abin da ba a raina shi ba, ko da yake ba dalilin ajiye magani ba ne.

Kada ki zube a kujera da kiɗa ya ƙare, jiri na iya ɗibar ki. Ki yi tafiya a hankali minti biyar, ki miƙar da cinya da ƙwauri, ki sha ruwa.

Akwai matakin da na fi so kada ki yi wasa da shi: duk mako ki koyi sabon taku. A nan rawa ta sha gaban tafiya. Mai rawa tana sauraro, tana ƙirga, tana tuna abin da zai biyo baya, tana kuma tsare kanta daga faɗuwa, duk a lokaci guda. A 2003 wasu likitoci a birnin New York na Amurka sun wallafa binciken da suka yi a kan tsofaffi 469 da suka haura shekara 75. A cikin ayyukan motsa jikin da suka duba, rawa ce kaɗai aka ga masu yin ta ba su cika kamuwa da cutar mantuwa ba. Alaƙa aka gani, ba a ce rigakafi ba ce, amma ta isa a kula. A 2024 kuma mujallar likitoci ta BMJ a Ingila ta tattara gwaje-gwaje 218 a kan ciwon damuwa, aka samu motsa jiki yana rage shi ƙwarai, rawa tana cikin waɗanda suka fi tasiri, duk da cewa gwajin da aka yi a kanta kaɗan ne. Matar da ta yini tsakanin murhu, wanki da kukan yara tana buƙatar minti 20 da tunaninta zai sauka daga kai ya koma ƙafa. Amma in baƙin ciki ya wuce mako biyu, ya hana barci da cin abinci, 'yar'uwa, ki ga likita, rawa ta zama ƙari.

Ki samu abokiya: maƙwabciya, abokiyar zama ko 'ya'yanki mata. Ranar da kasala ta kama ki, sallamarta ce za ta tashe ki. Iya ma a jawo ta, ta dafa bayan kujera tana taku, domin irin wannan yana ƙara wa tsofaffi ƙarfin tsayuwa, ya rage musu faɗuwa.

A makon farko minti 10 sau uku ya isa. Ki riƙa ƙara minti biyar duk mako har ki kai 30, sau biyar a mako. Da safe bayan yara sun tafi makaranta ko bayan la'asar ya fi, da azumi kuma sai awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne, zai wuce. Ciwon ƙirji, jiri, ganin duhu ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan kin huta kuwa, ki tsaya nan take a kai ki asibiti.