SHAIDAR GANAU IDAN YARO YA ƁATA

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi shaida, musamman wadda akan bayar a sa'ad da yaro ya ɓata. Kowa ya san yadda unguwa kan rikice a irin wannan rana: wannan ya ce ya gan shi wajen Ƙofar Ƙaura, wancan ya rantse a tashar mota ya gan shi da wata mace. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma shi kansa ganau yana da sharuɗɗan da sai ya cika su kafin a gina hukunci a kan maganarsa.

Malaman hadisi sun raba siffofi biyu da ake nema ga mai ba da labari. Ta farko adalci, wato ya zama mai tsoron Allah, wanda ba a san shi da ƙarya ba. Ta biyu labɗi, wato kiyaye abu kamar yadda ya auku. Sau da yawa sun ƙi karɓar ruwayar mutum salihi saboda raunin haddarsa kaɗai. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ma ta ambaci mantuwa a sha'anin shaida, ta yi tanadin mai tunatarwa. Ashe mutum kan faɗi gaskiyar zuciyarsa, amma kuma maganar ta saɓa wa abin da ya faru.

Mu a Jihar Katsina mun ga misalin haka. A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka auka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce ɗalibai 333 ba a gani ba. Wani kakakin fadar Shugaban Ƙasa ya ce yaran da suka kuɓuto sun faɗa cewa goma ne suka rage a hannun maharan. Wani ɗalibi da ya tsere kuwa ya ce sun haura 500. Da aka sako su ranar 17 ga wata, sai gwamnati ta bayyana cewa 344 ne. Ba sai mun tuhumi yaran nan da ƙarya ba. Wanda ke gudu cikin duhun daji, ana harbi, rai a hannun Allah, yana ganin waɗanda ke kusa da shi ne kawai, sauran kuwa kintace ne.

Alƙur'ani Mai girma ya kawo mana ƙissar ɓatan yaro a Suratu Yusuf. 'Yan'uwansa sun zo wa mahaifinsu da daddare suna kuka, bakinsu ɗaya cewa kyarkeci ya cinye shi, ga kuma riga da jini. Amma Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai gaskata su ba. Masu tafsiri sun ce ya lura rigar ba ta yage ba, alhali dabbar da ta cinye mutum ba za ta bar rigarsa lafiya lau ba. Imamu Ƙurɗubi ya bayyana cewa malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan wajen aiki da alamu. A nan muka koyi cewa yawan shaidu, da hawaye, da haɗuwar baki, ba su isa hujja ba idan alamar da ke ƙasa ta ƙaryata su.

Akwai kuma wata mas'ala a mazhabarmu ta Malikiyya. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Ibnu Abi Zaid a cikin Risala, sun yarda da shaidar yara game da raunukan da suka auku a tsakaninsu, bisa sharaɗin a karɓe ta kafin su watse, kafin kuma wani babba ya shiga cikinsu. Dalili shi ne kada a cusa musu magana. Hukuncin na rauni ne, amma hikimarsa ta shafi batunmu, domin galibi abokan wasa ne kan yi wa yaro ganin ƙarshe.

Binciken zamani ya tabbatar da wannan hikima, har ga manya. A shekarar 1974 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, suka nuna wa mutane hoton sinima na karon motoci, suka tambaye su gudun motocin. Wasu an tambaye su da kalma mai nuna ragargajewa, wasu da kalma mai sauƙi. Bayan mako guda, waɗanda suka ji kalma mai tsanani sun fi yawan cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a hoton. Kalma ɗaya ta mai tambaya ta sauya abin da suke tunawa.

Saboda haka, idan wannan jarrabawa ta auku, Allah Ya kiyaye, ga abin da ya kamata. Da farko a sanar da 'yan sanda da mai unguwa nan take, tun abin yana ɗanye a zukata. Na biyu, a tambayi kowane shaida shi kaɗai, a rubuta abin da ya faɗa, kada a tara su a zaure suna jin juna. Na uku, a bar shi ya ba da labari da bakinsa. Kada a ce, "Mai jar hula ne ko?" A ce, "Me ka gani?" Na huɗu, a tambaye shi tazarar da ke tsakani, da lokaci, da haske, da kuma ko ya san mutumin tun da. Na biyar, a auna maganarsa da alamu, kamar sawu, da tufafi, da bayanan wayar tarho.

Shi kuma mai shaida, nauyi biyu ne a kansa. Ɓoye abin da ya sani zunubi ne, kamar yadda aya ta 283 a Baƙara ta yi gargaɗi, ko da wanda ya gani ɗan'uwansa ne ko maƙwabci. Ƙari a kai kuma ya fi haɗari, domin Manzon Allah ya lissafa shaidar zur cikin manya-manyan zunubai. Ya rarrabe abin da idonsa ya gani da wanda ya ji a bakin mutane, ya tsaya inda saninsa ya tsaya. Labarin kuskure kan karkatar da masu nema zuwa gabas alhali yaro yana yamma, ya kuma jawo a yi wa bawan Allah marar laifi taron dangi. Wannan nadama ce aya ta 6 a Suratul Hujurati ta tsoratar da mu, inda ta umarce mu da bin diddigin labari kafin ɗaukar mataki.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya mayar da waɗanda suka ɓata ga iyayensu, Ya sa mu zama masu tsayar da shaida dominSa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.