Yadda Ake Zaɓen Agwagin Roba da Jera Su Don Farautar Agwagwar Daji

Maharbin ƙasar Hausa yakan ɗaura kan burtu ya yi ta rarrafe har ya kusanci nama. Maharbin agwagwa a Amurka kuwa zama yake yi wuri guda, ya zuba agwagin ƙarya a kan ruwa, na gaske su gani daga sama su sauko. Dabarar ta daɗe. A 1924 an tono irin waɗannan agwagi guda 11 a kogon Lovelock da ke jihar Nevada, waɗanda 'yan asalin ƙasar suka saƙa da ciyawar fadama kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Daga baya maharba suka riƙa ɗaure agwagi masu rai a ruwa, har gwamnati ta hana a 1935. Tun daga nan sai na katako, yanzu kuma na roba ne suka cika kasuwa.

Kafin ka sayi ko ɗaya, fara zuwa wurin da za ka yi farautar ka ga wace agwagwa ce ke sauka. Iri biyu ne manya. Akwai masu kiwo a ruwa marar zurfi, waɗanda ke dulmuya kai su bar wutsiya a sama, kamar malad mai koren kai da fintel mai doguwar wutsiya. Su ne ke cika gonakin shinkafa da dazuzzukan da ruwa ke malalewa a yankin Stuttgart na jihar Arkansas. Fintel ɗin nan ba baƙuwa ba ce a gare mu, don danginta na Turai da Asiya kan zo dausayin Haɗeja da Nguru lokacin hunturu. Sai kuma masu nutso, da ke zama a manyan tafkuna da bakin teku irin na Chesapeake. Idan masu kiwo ne a wurinka, dozin ɗaya zuwa biyu na malad sun ishe ka a ƙaramin kududdufi, domin yawancin agwagi na yarda su sauka kusa da malad. Masu nutso kuwa taro suke so, sai ka tanadi dozin huɗu ko fiye.

Wajen saye, fenti za ka fara dubawa. Ɗauki agwagwar ka fita da ita rana, ka jujjuya ta. In bayanta ya yi ƙyalli, ajiye ta, don gashin tsuntsu mai rai ba ya walƙiya haka, kuma agwagwar da aka taɓa harbi ta san wannan. Sannan kifa ta ka duba doron da ke ƙarƙashin cikinta. Wadda aka cusa wa yashi a doron tana miƙewa da kanta in ka jefa ta, ba ta kifewa cikin igiyar ruwa. Marar nauyin ta fi sauƙin ɗauka in tafiyar ƙasa ce mai nisa, kuma iska kaɗan ke motsa ta. A babban ruwa ka haɗa da 'yan manya waɗanda suka fi agwagwar gaske girma. Tsuntsu na hango su daga nesa, girman kuma ba ya damun sa. A farkon lokacin farauta ka yawaita mata masu launin ƙasa, saboda toron bai gama fitar da adonsa ba. Can gaba sai ka ƙara toraye, musamman fintel mai farin ƙirji.

Kowace agwagwa ka ɗaura mata igiya mai duhun launi da nauyi a ƙarshenta. Gram 110 zuwa 170 ya isa a ruwa mai kwanciya, a kogi mai gudu sai ka ƙara. Tsawon igiya ya kai zurfin ruwan sau ɗaya da rabi, don ta sami damar yin lilo.

Jeri shi ne inda aikin yake, kuma iska ce ke yanke hukunci. Agwagwa ba ta sauka sai tana fuskantar iska. Saboda haka da ka isa da asuba, ɗebi busasshiyar ciyawa ka watsa sama ka ga inda ta nufa. Zauna inda iskar za ta bugi bayanka ko kafaɗarka, kuma in da hali rana ta fito ta bayanka, ta yadda haskenta zai shiga idon tsuntsu, kai kana cikin inuwa. Daga nan ka zuba agwagin kamar ƙugiya. Lanƙwasar ƙugiyar, inda suka fi yawa, ta kasance kusa da maɓoyarka ta ɓangaren da iska ke fitowa. Doguwar jelar kuma ta miƙa can inda iska ke tafiya. Masu zuwa za su biyo jelar kamar hanya, su nemi sauka a cikin lanƙwasar. Wannan fili ka bar shi fayau, faɗinsa kamar mita 8 zuwa 10, nisansa daga gare ka mita 20 zuwa 25. Sabon maharbi yakan cike shi da agwagi don ya ga wuri ya yi kyau, sai tsuntsaye su rasa masauki su faɗa can bayan jerin, inda harsashi ba ya kaiwa.

Kada ka cunkushe su. Agwagin da suka tsorata ne ke curewa wuri guda suna shirin tashi. Bar mita ɗaya ko biyu tsakaninsu, nan uku, can biyar, wata ita kaɗai a bakin ciyawa. Masu nutso kuma akan jera su a doguwar igiya guda mai nauyi a kowane ƙarshe.

A ganina agwagwa mafi muhimmanci a jerin ita ce ta can ƙarshe. Ajiye ta a mita 35, ka auna da taku, ka ƙudurta cewa duk tsuntsun da bai shigo cikin wannan nisan ba ba za ka harbe shi ba. Harbin nesa raunata tsuntsu yake yi, ya tafi ya mutu a cikin ciyawa ba wanda ya amfana. Amfanin wannan wahalar duka shi ne a jawo shi kusa, ya faɗi da harbi ɗaya.

Ranar da iska ta ɗauke, ruwa ya kwanta lumui, agwagin roba sukan tsaya cak, na sama kuma su gane. Maganinsa mai araha ne: ɗaura uku ko huɗu a igiya ɗaya, ƙarshenta ka haɗa da roba mai talewa da turke, ɗaya ƙarshen yana hannunka. Kana fizga, ruwa na motsi. Akwai masu fukafukai da batir ke juyawa, amma wasu jihohi, irin su Oregon, sun hana amfani da su. In garke biyu ko uku suka kewaya suka wuce, kada ka zauna jira; tashi ka faɗaɗa filin, ka rage agwagin, ka sake duba ko fuskarka ko bakin bindiga ke ƙyalli.

Doka a Amurka ta hana zuba hatsi don jawo tsuntsu, ta hana bindigar da ke ɗaukar harsashi fiye da uku, tun 1991 kuma ta hana harsashin dalma a farautar tsuntsayen ruwa. Mai shekara 16 zuwa sama sai ya sayi kan sarkin agwagwa na tarayya, wanda aka fara sayarwa a 1934, kuɗinsa na tafiya wajen kare dausayi. Duk inda kake, nemi izinin hukuma tukuna, kuma in ka tashi ka kwashe agwaginka da igiyoyinka da kwankon harsashi, kada ka bar ko ɗaya a ruwa.