Amsoshin Tambayoyinku: Saita Na'urar Zane da Elektron

Mai sauraronmu daga Zariya, ka tambayi dalilin yawan saita na'urar da ke zana hanyoyin lantarki a kan silikon da harbin elektron. To Malam, layinta kan kai siririn nanomita 10, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ɗan canjin zafin ɗaki ya isa ya karkatar da harbin. Shi ya sa kafin aiki ake auna ƙarfinsa da wani ma'auni mai suna kofin Faraday, a kuma daidaita shi ana leƙen ƙwayoyin zinariya har gefunansu su fito tas. Babbar wahalar ita ce mahaɗa, domin gutsure-gutsure take zanen. Saiti na kaucewa, layi ya tsinke, aikin ya lalace. Da fatan ka gamsu.