Makin Lissafi Yana Kan Hanya

Ɗana, tunda Allah ya kai ka sashen lissafi na jami'a, ga wata magana kan aikin gida da nake so ka riƙe da kyau. Malamin da zai duba takardarka ya san amsa tun kafin ya ba da tambayar. Abin da yake son gani shi ne yadda ka kai gare ta. Shi ya sa ake raba makin tambaya a kan matakai, amsar ƙarshe ta tashi da ɗan kaɗan. Wanda ya bi hanya mai kyau ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe yakan fi wanda ya ajiye amsa tsurarta samun maki.

Ɗauki x² = 5x. Mai gaggawa zai raba kowane ɓangare da x, ya rubuta 5, ya ja layi. Ya raba da abin da zai iya zama sifili, kuma sifilin nan shi ne amsa ta biyu da ya zubar. Da ya tsaya ya rubuta jimla ɗaya, "idan x ba sifili ba ne", da shi da kansa ya tuna ya waiwayi yanayin da x yake sifili.

Kada kuma ka jera misalai ka ce ka kafa hujja. Lissafin n² + n + 41 na masanin lissafi Euler yana ba da lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta tun daga n = 0 har zuwa 39. Ana zuwa 40 sai ya ba da 1681, wato 41 sau 41. Misali arba'in sun gaskata, na gaba ya rushe maganar.

Saboda haka ka yi rubutu da cikakkun jimloli. Faɗi abin da aka ba ka da abin da ake nema, ka gabatar da kowane harafi kafin ka yi aiki da shi, ka ambaci ƙa'idar da ka dogara da ita. Al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820 da kalmomi zalla, kuma har yau ana bin bayaninsa a gane.

A yawancin jami'o'in Najeriya aikin gida da gwaje-gwaje suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100, kuma darajar A daga 70 take farawa. Kada ka raina su. Ku tattauna da abokanka, amma ka rubuta naka da hannunka da fahimtarka, domin ranar jarrabawa kai kaɗai za ka zauna.

Kafin ka miƙa, sake kwafe aikin a tsabtace, ka ba ɗan ajinku ya karanta. Duk inda ya tsaya ya tambaye ka "daga ina wannan ya fito?", to nan ne ka tsallake mataki, sai ka cike shi. Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka basira.