Shawarwari Kan Haɗa Soket a Jikin Batirin Babur ko Mota

Duk wanda ya bi hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ranar Alhamis, ranar kasuwa, ko ya ratse zuwa ƙauyukan Zurmi, zai ga babura da a-kori-kura da wayoyin wuta na leƙowa daga ƙarƙashin kujera. Wani cajin salula yake yi, wani ƙarin fitila ya ɗaura, wani kuma famfon taya. A garin da wutar lantarki ba ta kai ba, batirin abin hawa shi ne lantarkin gida. Yin wannan haɗi da hannunka ba laifi ba ne. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda ake murɗa waya tsirara a kan batir, babu fis, ga tankin fetur a kusa.

1. Fara da sanin batirinka. Babur irin Boxer, da Keke Napep, da Hilux duk bolt 12 suke aiki da shi. Da yawa daga cikin manyan motocin dizal kuwa batir biyu ake haɗa musu su ba da bolt 24. In ka jona caja mai bolt 12 a nan, nan take za ta ƙone. Kada kuma ka ja wuta daga batir ɗaya cikin biyun, domin zai riga ɗan'uwansa mutuwa.

2. Fis kafin komai. Ko da sauran shawarwarin nan za su shige maka, riƙe wannan. Batirin mota na iya sakin ɗaruruwan amfiya lokaci guda idan jar waya ta taɓa ƙarfen jikin mota, cikin ƙiftawar ido waya ta yi jajir, roba ta kama da wuta. Fis ne ke tsinkewa kafin a kai can. A sa shi a kan jar waya, dab da kan batir mai alamar +, tazarar kada ta wuce taƙi ɗaya. Fis ɗin da aka kai can ƙarshe kusa da soket ya bar duk tsawon wayar babu kariya, kuma a tsawon nan ne girgizar hanya ke goge roba.

Lissafinsa ba shi da wuya: raba wat da bolt. Fitila mai wat 60 a kan bolt 12 tana jan amfiya 5, sai a sa mata fis mai 7.5. Cajar salula fis mai 3 ko 5 ya ishe ta. Launi na taimaka wa wanda lambar ta goge masa: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Idan fis ya ƙone, magana yake yi maka cewa akwai matsala. Nemo ta. Ɗaure gurbinsa da zaren waya ko takardar kwalin taba, kamar yadda wasu ke yi a bakin hanya, gayyatar gobara ce.

3. Sayi wayar tagulla ta gaske, mai sili da yawa, mai laushi. Kankare silin da wuƙa a gaban mai shago. In ciki ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, kuma saurin zafi da karyewa gare shi. Mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta isa caja da ƙaramar fitila, famfon taya kuwa a ba shi 2.5. Wayar wayarin gida mai sili ɗaya ba ta jure gargada.

4. Kada ka yi amfani da fulogi da soket na ɗaki. Suna da araha, ko'ina ana samunsu, shi ya sa mutane ke ɗauka. Amma wata rana yaro zai zare fitilar ya cusa a soket ɗin janareta mai bolt 220. Je wurin masu kayan gyaran mota a Ƙaura ko Gusau ka nemi mahaɗi mai baki biyu da ba ya shiga a juye, ko ka yanko na tsohuwar mota. Ɓangaren da ke da ramuka shi ake sa wa gefen batir, don kada ƙarfe mai wuta ya zauna a fili.

5. Wajen aiki, kashe inji, cire zobe da agogo, ka fara kwance kan batir mai alamar –, shi ne kuma na ƙarshe da za ka mayar. Galan ɗin fetur da mai shan taba su yi nisa.

6. Murɗa waya da naɗa salatif ba haɗi ba ne. Zafin bazara na narkar da ɗankon salatif, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta kawo tsatsa. A matse bakin waya da ɗan ƙarfen da ake ɗaurewa da noti, ko a liƙe da dalma, sannan a rufe. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe, zura ta cikin guntun tiyo. Ɗaure ta nesa da salansa da sarƙa, ka kuma bar mata ɗan sassauci wajen kan babur don juyawa. Bakin soket ya dubi ƙasa saboda ruwa, musamman ga masu tsallake Gagare da Bunsuru.

7. A babura da yawa fitilar gaba daga kwayil take shan wuta, ƙarfinta na hawa da sauka da totur. Jona caja a nan na kashe ta. Salula bolt 5 take so, don haka dole a sami caja mai rage wuta tsakani.

8. Sa makunni. Caja na tsotsar batir ko babu salula a jikinta, kuma batirin babur ƙarami ne. Kwana kaɗan a ajiye sai a tarar ya mutu. Cajin wayoyin salula na gida gaba ɗaya a yi shi lokacin da inji ke aiki. Fitila mai ƙarfi kuwa rile take buƙata, kuma wannan aikin mai wayarin ne.

Maigida, kafin ka tayar da babur gobe, ɗaga kujera ka bi jar wayar nan da ido har kan batir. In ba ka ga fis ba, cire ta, kada a sake jona ta sai an sa.